Ibanez AS73 a Yamai: siririyar jita mai rami, da batun gurnanin wuta

Makaɗin jita a Yamai ba kasafai yake da halin ajiye jitoci uku ko huɗu ba, a ce wannan ta biki ce, wannan ta situdiyo, waccan ta gida. Jitar da ya buga takamba da ita a bikin aure ranar Asabar, ita zai saɓa ranar Litinin ya je a ɗauki waƙar talla, kuma ita zai jona da daddare ya yi gwaji a ɗakinsa da ɗan ƙaramin sauti don kada ya tashi maƙwabta. Saboda haka idan ana maganar sayen jita a garin nan, tambayoyi biyu ne ke gaba da kyan fenti da girman suna: shin za ta iya kiɗa iri-iri, kuma shin za ta yi shiru idan makaɗi ya tsaya? A kan waɗannan biyun na auna Ibanez AS73. Tambaya ta biyu ta amsa ta sarai; ta farko kuwa ta amsa ta da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi bukatar dogon bayani.

Kafin a kai ga sautinta ya kamata a raba abubuwa uku da masu shaguna ke haɗawa wuri ɗaya, domin daga nesa kamarsu ɗaya: faffaɗan jiki, da tsaga biyu a fuska masu siffar harafin f. Ta farko ita ce babbar jitar jaz mai zurfin ciki. Ta biyu siririya ce, amma cikinta fayau yake daga gefe zuwa gefe. Kamfanin Gibson na Amurka ya fara fitar da irinta a 1955, ES-330 ta biyo baya a 1959, Epiphone Casino kuma a 1961. Ta uku ita ma siririya ce, sai dai an shimfiɗa gungumen katako a tsakiyarta tun daga gindin wuya har ƙarshen jiki, rami ya rage a ɓangarori biyu kawai, kuma uwar wannan gida ita ce Gibson ES-335 ta 1958. AS73 ƴar gida na uku ce. Ibanez suna ne na kamfanin Hoshino Gakki da ke birnin Nagoya a Japan, kuma jerin Artcore da wannan jita ta fito daga cikinsa an soma shi a 2002 don masu neman wannan ƙira ba tare da kuɗin Gibson ba. Mai saye ba ya bukatar ya dogara da bakin mai shago wajen gane bambancin: ya haska fitilar wayarsa ta cikin tsagar, in ya ga bangon katako ya tare shi a tsakiya, mai gungume ce, in kuwa ya hango ɗaya gefen, fayau ce.

Wannan gungume shi ne dalilina na farko na fifita ta, kuma dalilin ya fito ne daga yadda ake kafa kaya a bukukuwanmu. An tare layi da rumfa, wuri ya ƙure, an jibge lasifikoki a bayan makaɗa ko dab da kafaɗarsu, mai kula da sauti kuma yana ƙara ƙarfi duk lokacin da mata suka shigo fili. Fuskar jita mai fayau tana karɓar wannan iska kamar yadda fatar ganga ke rawa idan an buga wata gangar kusa da ita. Rawar tana bi ta jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke kwance a kansa a fuskar jita, ta shiga tsirkiyoyi, mikiro mai ɗaukar sautinsu ya ɗauka, ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya ƙara, lasifika ta maido, sai ga kururuwar nan da masu sauti ke kira larsan, wadda ke sa jama'a toshe kunne. A AS73 jaki da mikiro biyu duk a kan gungumen aka dasa su, fuskar ba ta da ƴancin rawa yadda ta ga dama, shi ya sa ana iya kai sauti matakin biki ba tare da fargaba ba. Ban ce ba ta kururuwa sam ba, domin rami rami ne: wanda ya taka feda, ƴar na'urar nan ta ƙafa mai ƙazanta sauti, har ƙarshe, ya kuma juya ya fuskanci lasifika, zai ji ta. Amma tana gargaɗi kafin ta fashe, sautin yana kumbura a hankali, kuma matsawa taku biyu zuwa gefen ampili ko ɗora gefen tafin hannu kan tsirkiyoyi ya isa ya kwantar da shi. Gungumen yana kuma tsawaita numfashin sauti bayan an taɓa tsirkiya. Abin da ake biya shi ne nauyi, domin jitocin wannan ƙira sukan kai kilo uku da rabi ko fiye, alhali mai fayau takan tsaya wajen kilo uku, kuma wanda zai tsaya daga la'asar har dare ya nemi ɗamara mai faɗi.

Batun gurnani kuwa sai an san daga inda yake fitowa. Mikiron jita, wato ɗan akwatin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, ba ya sauraron iska kamar makirufon mawaƙi. Maganaɗisu ne tare da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai, kuma idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ƴar wuta ta motsa cikin naɗin, ampili ya ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce naɗin ba ya bambanta girgizar tsirkiya da tasirin maganaɗisun da ke fita daga taransifoma, da injin firiji, da wayoyin da ke cikin bango. Wutar da NIGELEC ke rabawa mai bolt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka gurnanin da muke ji a nan na haz 50 ne tare da ƴaƴansa na 100 da 150. A Amurka, inda aka ƙirƙiro waɗannan kaya, 60 ne. Wanda ya san lissafin sauti zai ga inda haushin yake: sautin sol na tsirkiya mafi kauri yana kan haz 98, sautin re na tsirkiya ta huɗu yana kusa da 147, wato gurnanin ya zauna dab da su amma bai dace da su ba, shi ya sa idan an tsaya a kan waɗannan sautuka ake jin wata ƴar rawar murya a ƙasa, kamar ba a ɗaure jitar daidai ba. Idan wuta ta ɗauke aka koma kan gurup, wato janareta, abin ya fi haka, domin ƙaramin inji ba ya riƙe adadinsa, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa.

Maganin da Seth Lover, injiniyan Gibson, ya nemi rajistarsa a 1955, wanda ya fara bayyana a jikin jitocin kamfanin a 1957, shi ne hambaka: naɗi biyu kafaɗa da kafaɗa, an juya ɗaya baibai, an kuma juya fuskar maganaɗisun da ke ƙarƙashinsa. Gurnanin da ke zuwa daga waje yana shiga naɗin biyu da ƙarfi ɗaya amma a saɓe, sai su kashe juna, sautin tsirkiya kuwa da yake an juya shi sau biyu, sai ya haɗu ya ƙaru. A daidai wannan lokaci Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch nasa mai suna Filter'Tron a kan dabara iri ɗaya.

AS73 tana da hambaka biyu da Ibanez ke kira Classic Elite, kowanne da murfin ƙarfe, da maɓallin ƙarfi da na launin sauti ga kowanne, da ɗan sanda mai matsayi uku na zaɓe. Na gwada ta a ɗaki irin na kowa a unguwar Bukoki, fanka na juyawa a sama, doguwar fitila mai farin haske a bango, firiji na aiki a ɗakin da ke manne. Na fara jona wata jita mai siffar Stratocaster ta kamfanin Fender na Amurka, wadda ba ta da wani sunan kirki a kanta, mai naɗi ɗaya-ɗaya, na buɗe ampili zuwa rabi. Gurnani ya cika ɗakin, kuma idan na juya a kan kujera na fuskanci ƙofa sai ya ragu, in na juyo wajen bangon firiji sai ya dawo da ƙarfinsa, wanda shi ne tabbacin cewa na maganaɗisu ne. Na zare wayar na soka ta a AS73 ba tare da na taɓa komai a jikin ampili ba. Abin da ya rage shi ne ƴar iskar ampilin kansa, wadda sai an kai kunne kusa da lasifika ake jin ta, kuma juyawa a kan kujera bai canza komai ba, a matsayi ukun duka. Ga mai ɗaukar sauti a kwamfuta wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gurnanin da ya shiga cikin ɗauka, cire shi yana tafiya da wani ɓangare na kaurin jitar.

A hannu kuwa tana da daɗin riƙo. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki milimita 628 ne, ƙasa da 648 na gidan Fender, saboda haka tsirkiyoyi masu kauri ɗaya sun fi laushi a nan, kuma saurin bugun yatsa da sakinsa da kiɗan hamada ya ginu a kai yana fita ba tare da an matse hannu ba. Wuyan manne yake da jiki, ba da kusoshi aka ɗaure shi ba, yana da firet 22, wato ƙarafan da ke gitte a kan wuya, kuma an yanke jiki ta sama da ƙasa yadda yatsu za su kai ƙarshe. Faɗin jikin ya kai wajen santimita 40, ko da yake kaurin gefensa bai kai 5 ba, don haka yaro ko mai gajeren hannu zai ji damtsensa na dama ya ɗan ɗage. Irin wannan ya duba jerin AM na Ibanez ko ES-339, wadda Gibson ta fitar a 2007, masu ƙaramin jiki a kan ƙira ɗaya.

Yanzu ga sharaɗin. Mikiron wajen wuya yana da kauri da laushi, ya dace da rakiyar muryar mace da kiɗan da ake yi a zaune. Matsayin tsakiya, inda biyun ke aiki tare, shi ne inda na fi zama, domin yana da tsabta da ɗan ƙyalli, kuma salon Kwango na saman wuya yana fita a cikinsa tsaf. Na wajen jaki yana da ƙarfi da cizo, yana ratsa kalangu da ganguna ba tare da an kai ampili ƙarshe ba. Sai dai kunnen Nijar da naɗi ɗaya ya saba. Kiɗan jitar Abzin da Azawak, wanda ya zama abin da matasa ke fara koya har a Yamai, a kan siririn sauti mai kaifi ya tashi, kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ya kai shi manyan dandamalin duniya, da Fender Stratocaster ta bahago aka san shi. Hambaka ba zai ba da wannan kaifi daidai ba, kuma wannan ba aibin wani kamfani ba ne, halin ƙirar ne: yana karanta tsirkiya a wuri biyu maimakon ɗaya, wayarsa kuma ta fi yawa, duka biyun suna rage mafi siririn ɓangaren sauti su ƙara na tsakiya. Makaɗin da ke riƙe tsirkiyar ƙasa da babban yatsa tana amo ba tsayawa, manuniya kuma tana yawo a sama, zai ji a ranar farko kamar amon ƙasan yana neman danne waƙar.

Yawancin wannan ana gyara shi da sukudireba da kunne, ba tare da an sayi komai ba. Kowane mikiro yana da kusa biyu a gefe na hawa da sauka. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a sauke mikiron wuya har tazarar ta kai wajen milimita 3 ta ɓangaren masu kauri, ɓangaren sirara kuma ya ɗan fi kusa. Ƙarfi zai ragu kaɗan, amma sautuka za su rabu da juna, kuma ƙarfi ba shi ne abin da ampili ya rasa ba. Bayan haka a zauna a matsayin tsakiya, a bar maɓallin jaki a buɗe, a rage na wuya kaɗan-kaɗan har a ji kaurin ya janye. Wannan ita ce fa'idar maɓallai huɗu, kuma mutane da yawa suna barin su a goma har jitar ta tsufa ba su taɓa sanin abin da ke tsakani ba. A jikin ampili a rage kauri fiye da yadda aka saba yi wa Stratocaster. Doguwar waya ma tana shan kaifi, saboda haka mita uku zuwa feda ta fi mita goma kai tsaye, kuma tsirkiyar da gumi da ƙura suka kashe babu mikiron da zai raya ta. Da na yi waɗannan, takamba ta fita da tsabta da rarrabewa, ko da yake mai kunne zai gane cewa muryar ta fi ta Fender cika. Ni wannan cikar ta yi mini, musamman a ƙaramin rukuni da babu mai jitar rakiya.

Akwai tarkon da ya kamata a sani a nan. Wasu jitocin wannan ƙira suna zuwa da maɓallin da ake ja ya kashe naɗi ɗaya, kuma ana tallata shi a matsayin jita biyu cikin ɗaya. Kaifi yana dawowa, gaskiya ne, amma gurnani yana dawowa tare da shi, domin abokin da ke kashe shi ne aka cire. AS73 ba ta da wannan maɓalli, kuma ban yi kewarsa ba. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa naɗin biyu gefe da gefe maimakon ɗaya bayan ɗaya, wanda ke ba da sauti siriri kuma shiru yana nan. Babbar yayarta AS153 tana da ɗan sandan da ake kira Tri-sound mai yin haka a mikiron wuya. Wanda ke son a yi wa tasa wannan aiki ya fara tabbatar da cewa mikironsa wayoyi huɗu ke fita daga cikinsa, domin ba kowanne ke da su ba. Wannan dalili ne kuma ya sa ban ba mai neman shiru shawarar Casino ba, duk da daɗin muryarta da rashin nauyinta: mikironta P-90 ne, wanda Gibson ta fitar tun 1946, naɗi ɗaya ne faffaɗa, kuma jikinta fayau ne, wato ta haɗa abubuwa biyun da ɗakunanmu da bukukuwanmu ba sa yi wa sauƙi.

Hambaka rabin hayaniya kawai yake kashewa, kuma wanda bai san haka ba zai zargi jitarsa a banza. Akwai ƙara ta biyu, siririya mai kaifi mai cewa zzz, wadda ba ta maganaɗisu ba ce. Tana fitowa daga cajar waya mai araha, da ƙwan fitilar zamani, da maɓallin rage gudun fanka, da cajar kwamfuta, da na'urar da ke juya wutar batirin sola zuwa ta gida. Maganinta shi ne rufin ƙarfe a kan wayoyi da kuma wayar ƙasa. Gane ta ba wuya: a ɗaga hannu daga jita a saurara, sannan a taɓa tsirkiyoyi. In ƙarar ta ragu, wayar da ke haɗa jaki da ƙasa tana aiki, kuma saura daga ɗakin yake. In ba ta canza ba, ko ta ƙaru, to akwai wayar da ta tsinke ko aka liƙa baibai, a jita ko a wayar jonawa. A gwajina AS73 ta yi abin da ake so, kuma da na zare cajar da ke soket ɗaya da ampili ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Hanya mafi sauƙi ta wanke jita daga zargi ita ce a jona ta a ampili mai batir, irin Roland Micro Cube da ke aiki da ƙananan batura shida. In ta yi shiru a nan ta yi ƙara a bango, to bangon za a gyara.

Gidaje da yawa a garin nan soket ɗinsu rami biyu ne, wasu kuma ramin na uku yana nan amma ba a haɗa shi da komai ba, kuma na sha ganin ampilin da aka karye wa ƙafar ƙasa don ya shiga wayar ƙari. Wannan ya wuce batun daɗin sauti. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin ampili, saboda haka idan wuta ta zubo a jikinsa babu hanyar ƙasa, makaɗin da hannunsa ke kan tsirkiya leɓensa ya taɓa makirufo shi ne zai zama hanyar. Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, haka ya rasu a kan dandamali a garin Swansea a 1972. Wanda ya taɓa jin ɗan cizo a leɓe ya ɗauke shi gargaɗi: a kira mai aikin wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da soket ɗin da ake kiɗa, a jona ampili da kayan murya a layi ɗaya, gurup ma a yi masa tasa sandar.

Sai yanayi, wanda a Yamai yake gwada katako fiye da yadda makaɗi ke gwada shi. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, hunturunmu kuwa yana sauke shi ƙasa da 20, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, damina kuma ta maido da danshi gaba ɗaya. A nan ƙirar AS73 ta taimaka, domin jikinta falle-falle ne na katako da aka manne aka matse, kamar yadda ake yin ES-335 kanta, kuma irin wannan ya fi jure bushewa a kan fuskar da aka sassaƙa daga katako guda, wadda ke iya tsagewa. Wuya ne ke motsi, a kowace jita. Da hunturu allon yatsu yana ƙanƙancewa, bakin ƙarafan firet ya ɗan leƙo ya riƙa kartar hannu. A goge su da ƙaramin zarto mai laushi sau ɗaya, ba za su sake damun kowa ba. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana bukatar a duba ta idan yanayi ya juya, a murɗa rubu'in zagaye kawai, a bari ta kwana kafin a ƙara. Ɗan soso mai laima cikin gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin jita, yana rage wahalar hunturu. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana, domin zafi yana sassauta manne. Mai hawa kabu-kabu da ita a jakar yadi kuma ya tuna cewa kanta a karkace yake zuwa baya, wurin da ya fi saurin karyewa ke nan idan ta faɗi, kuma wuyan da aka manne ba a kwance shi a sa wani kamar na Fender. Akwati mai tauri wajibi ne, kuma a tambaya tun farko ko yana cikin kuɗin.

Ƙura tana shiga ta tsagar, ta sauka kan maɓallai, bayan wani lokaci su fara ƙarar yashi idan an murɗa. Wannan ƙira ba ta da ƙofa a baya, komai ta tsagar ake zaro shi a mayar. Masu gyaran rediyo na kasuwar Katako sun iya liƙin dalma sarai, amma a gaya wa wanda zai yi aikin ya ɗaura zare a kan kowane maɓalli kafin ya kwance shi, don da zaren zai jawo shi ya koma raminsa. Haka ma ɗan zoben da ke riƙe ramin jona waya, a riƙa taɓa shi ana ƙara matsewa kafin ya saki.

Abokan takararta suna da yawa, amma kaɗan ne suka cancanci a tsaya a kansu. Epiphone, wanda Gibson ta saya a 1957, yana yin tasa ES-335, kuma tsakaninta da AS73 abin da ya fi dacewa da hannun mutum ne zai raba gardama. Gretsch G2622 tana da gungume da hambaka, G5422 kuwa fayau ce mai Filter'Tron, ga wanda ya nace sai mai rami na gaske kuma yana son shiru da ƙyalli. G5422 ɗin ta situdiyo da ƙaramin zaure ce, kuma nau'in da ke da hannun Bigsby, ƙarfen da ake dannawa don karkaɗa sauti, yana ƙara wahalar canza tsirkiya. Wadda ta fi ba ni tunani ita ce Telecaster Thinline. Fender ta fitar da ita a 1968, a 1972 kuma aka sa mata hambakan Wide Range da Seth Lover ɗin nan ya ƙera bayan ya koma can, kuma Squier yana yin mai sauƙin kuɗi a jerin Classic Vibe. Tsirkiyarta doguwa ce, wuyanta na kusoshi ne, ba ta da nauyi, kuma ta fi kusa da kaifin da kunnenmu ya saba. Wanda kiɗan hamada ne kusan duk aikinsa, ita zan nuna masa. Wanda yake bin mawaƙa iri-iri, yau rakiya gobe jagora, jibi situdiyo, AS73 ta fi faɗin murya da cika.

Farashi kuwa yana bin hanyar da ta shigo, ko ta hannun ɗan'uwa daga Faransa, ko ta ƴan kasuwar da ke sayo kaya a Lome, Kano ko Dubai. Abin da ba ya motsi shi ne canji: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka a duba kuɗinta a shagunan Turai ta intanet, a ninka da 656, a ƙara na dako da na duwan, sai a san ko abin da aka faɗa a shago ya yi hankali. In ya yi ƙasa da haka nesa, a yi hattara, araha ba ta ado. Na ga wata marar asali da aka buɗe murfin mikironta, faffaɗan murfi ne amma naɗi ɗaya ne kwance a ciki. Kada a biya sai an jona ta a ampili a cikin shagon, an saurari matsayi ukun hannu a ɗage, an juya da ita gabas da yamma, an murɗa maɓallai huɗun daga farko zuwa ƙarshe. A ɗora ido a kan wuya daga kai zuwa jaki a ga ko ya murɗe, domin lanƙwasa tana gyaruwa amma murɗewa ba ta gyaruwa, a kuma duba gindin wuya da bayan kai ko akwai layin tsaga a fenti. In akwai mai gyaran rediyo kusa, ya sa mitarsa a bakin wayar jita maɓalli a buɗe: hambaka mai sanyin hali yakan nuna om dubu 7 zuwa 9, mai zafi kuma ya haura dubu 13, kuma mai neman sauti mai tsabta na farkon ya fi masa.

A haɗa da fakitin tsirkiya biyu ko uku a cikin cinikin, masu lamba 10 zuwa 46 na nikel, domin ba kullum ake samun su a gari ba. Na tagulla da ake sa wa jitar da ba ta wuta ba sun fi yawa a kasuwa, amma maganaɗisu ba ya jin tagullar da aka naɗe su da ita, saboda haka masu kaurin za su yi rauni, sirara biyun su riƙa tsawa a kansu.